Fashin Baƙi: Me Ya Sa Gwajin Endoskofi Ke Hana Mutane Barci, Kuma Me Ke Rage Fargabarsa?

Me ya sa gwajin da galibi ba ya wuce minti 15 yake cinye wa mutum barcin mako biyu? Likita ya rubuta takardar endoskofi, wato gwajin leƙa cikin jiki da siririn bututu, ya sa rana, marar lafiya ya fito yana jujjuya takardar a hannu. Kafin ranar ta zo ya sha labarai. Wani ya ce masa tiyo ake cusa wa mutum ta baki har ya rasa inda zai shaƙi iska. Wata ta ce ita allurar barcin ce ba ta yarda da ita ba. Na uku bai ce uffan ba, kai kawai ya girgiza, wannan kuwa ya fi sauran ciwo, domin marar lafiyar ya fassara shi da cewa ciwon daji likita yake zargi. Daga nan sai a fara ɗage rana. A ɗage sau ɗaya, a ɗage sau biyu, takarda ta shige aljihun tebur, ciwon da ya kai mutum asibiti kuwa yana nan yana aikinsa.

Abin da 'yan uwa suka saba faɗa shi ne "kada ka damu, ba komai". Da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma maganar ba ta cika yin tasiri ba, saboda abin da ake kira tsoron endoskofi tsoro uku ne da suka cakuɗe: tsoron shaƙewa, tsoron fita hayyaci a hannun wasu, da tsoron abin da za a gano. Kowanne da tushensa, kowanne da abin da ke kwantar da shi. Wanda ke zullumin sakamako, ko ka kwana kana yi masa bayanin sirantar bututu, bai ji ka ba.

## Mene ne shi kansa gwajin?

Endoskofi suna ne da ya tattara duk binciken da ake leƙa cikin jiki da siririn bututu mai lanƙwasuwa, mai fitila da 'yar kyamara a bakinsa, hoton yana fitowa a allo. Wanda aka fi nufi idan an ambaci sunan shi ne na sama, gastroskofi: bututun ya bi ta baki, ya sauka ta hanyar abinci, ya shiga tumbi, ya leƙa farkon ƙaramin hanji. Na ƙasa, kolonoskofi, ta dubura yake bi don a duba babban hanji. Kaurin bututun sama bai wuce na ƙaramin yatsa ba, wajen milimita 9 zuwa 10. Akwai wanda ya fi shi siranta, mai milimita 5 zuwa 6, da wasu asibitoci ke bi da shi ta hanci. Idan bincike kawai za a yi, na sama yakan ɗauki minti 5 zuwa 15, babu yanka, babu ɗinki, a ranar ake komawa gida.

Ana tura mutum ne saboda ƙwannafin da ya ƙi jin magani, ciwo a saman ciki, wahalar haɗiya, aman jini, baƙin bayan gida, ƙarancin jinin da ba a gane dalilinsa ba, ko rama ba gaira ba dalili. Sauran hotunan asibiti ba sa nuna fatar cikin tumbi yadda ido ke ganinta kai tsaye. A nan kam gani ya kori ji.

Hoton da mutane ke ɗauke da shi a kai ya fi kama da yadda abin ya faro. A 1868 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya gwada leƙa tumbin mutum da miƙaƙƙen bututun ƙarfe, kuma sai da ya nemo mai wasan haɗiye takobi kafin ya samu wanda zai iya ɗauka. Duk da haka bai ga abin kirki ba, don haske bai isa ba. Sauyi na gaske ya zo a 1957, lokacin da Basil Hirschowitz da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka haɗa bututu mai lanƙwasuwa da ke ɗaukar haske ta cikin zaren gilashi. Kafin ya sa wa kowa, shi ya fara haɗiye abinsa. Na yau jikokin wannan ne, sun fi shi laushi da siranta nesa ba kusa ba.

## Tsoro na farko: "zan kasa numfashi"

A wuyan mutum hanyoyi biyu ne. Ta gaba iska ke bi zuwa huhu, ta baya abinci ke bi zuwa tumbi. Bututun endoskofi ta hanyar abinci yake sauka, ta iska tana nan a buɗe tun daga farko har ƙarshe. Ana maƙala wa mutum 'yar na'ura a yatsa tana nuna yawan iskar da ke jininsa da bugun zuciyarsa, ma'aikaciyar jinya kuma tana tsaye a kansa tana zuƙe yawun da ya taru.

To me mutane ke ji har suke rantsuwa sun shaƙe? Yunƙurin amai ne. Jiki yana da ɗabi'ar tunkuɗe duk abin da ya taɓa can ƙarshen harshe, ba tare da ya yi shawara da mai shi ba. Fargaba tana ƙara wa wannan ɗabi'a kaifi. Idan gaban mutum ya faɗi, jiki yakan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, tsokoki su ɗaure, numfashi ya koma gajere da sauri. Wuyan da ya ɗaure ya fi yunƙuri, yunƙurin ya ƙara tsoro, tsoron ya ƙara ɗaure wuya. Haka abin ke zagayawa. Wurin da ya fi wuya shi ne 'yan daƙiƙun da bututun ke wuce maƙogwaro. Da zarar ya wuce, yawancin mutane sukan ji abin ya lafa.

A 1973 wata masaniyar aikin jinya a Amurka, Jean Johnson, da abokan aikinta sun wallafa bincike a kan masu shirin wannan gwaji. Sun ga cewa waɗanda aka gaya wa tun da wuri abin da za su ji a jikinsu sun fi natsuwa, kuma sun buƙaci maganin kwantar da hankali ƙasa da waɗanda ba a shirya su ba. Dalilin a fili yake: abin da ka san yana tafe, idan ya zo ba ka ɗauke shi alamar cewa wani abu ya lalace.

Saboda haka ga abin da za a ji, ba ƙari ba ragi. Za a fesa maka magani a maƙogwaro, mai ɗaci, bayan ɗan lokaci ka ji kamar wuyanka ya kumbura kuma haɗiya ta yi nauyi. Bai kumbura ba, maganin ne ya ɗauke jin wurin na ɗan lokaci. Za a kwantar da kai a gefen hagu, a sa maka 'yar roba tsakanin haƙora don kare su da kare bututun. Likita zai ce ka haɗiye, ko ya tura a hankali. Idanu za su iya kawo ruwa. Za a hura iska cikin tumbi don ya buɗe a ga lungunansa, ciki ya cika, gyatsa mai ƙara ta fito. Yawu zai zuba ta gefen baki, ka bar shi ya zuba, ƙoƙarin haɗiye shi ne ke tayar da yunƙuri. Duk wanda ke ɗakin ya ga wannan sau ba adadi, babu mai ɗaukarsa rashin ɗa'a.

Abu ɗaya da ba kowa ke tunawa ya tambaya ba: tunda baki ba zai yi magana ba, ku yi yarjejeniya kafin a fara cewa idan ka ɗaga hannu a dakata. Haƙƙinka ne. Abin mamakin shi ne, sanin cewa kana iya tsayar da abin yakan isa ya sa ka jure har a gama.

## Feshi kaɗai ko allurar kwantar da hankali?

A nan ra'ayi ya rabu, har tsakanin ƙasashe. A Amurka kusan kowa da allura ake yi masa. A Birtaniya mutane da yawa feshin maƙogwaro kaɗai suke zaɓa don gwajin sama.

Masu goyon bayan feshi suna cewa gwajin gajere ne, mutum yana cikin hayyacinsa, yana jin bayanin likita, ya tashi ya kama gabansa, abin da zai jira kawai shi ne maƙogwaro ya farfaɗo, kamar awa ɗaya, kafin ya ci ko ya sha. Masu goyon bayan allura suna cewa me zai sa mutum ya sha wahalar da za a iya ɗauke masa.

Ita allurar ma akwai rashin fahimta a kanta. Wadda aka fi bayarwa, midazolam, wani lokaci haɗe da maganin kashe zafi irin su fentanil, ba irin barcin babbar tiyata take sawa ba. Mutum yana numfashi da kansa, yana iya jin umarni, jikinsa ne kawai ya saki yana gyangyaɗi. Tana kuma hana ƙwaƙwalwa riƙe abin da ya faru, shi ya sa za ka ji wani ya farka yana tambayar yaushe za a fara, alhali an gama tuni. Akwai mai zurfi, da maganin propofol, wanda ke sa barci sosai kuma yake buƙatar sa ido na musamman. Haɗarin allura na gaske shi ne tana iya rage ƙarfin numfashi, musamman ga tsofaffi, masu ciwon zuciya ko huhu, da masu ɗaukewar numfashi cikin barci. Shi ya sa ake yawan tambayoyi kafin a ba da ita, ake kuma ajiye magungunan da ke karya ƙarfin midazolam da fentanil a kusa. Bayan an yi ta, tsawon awa 24 babu tuƙi, babu aiki da inji, babu sa hannu a takarda mai muhimmanci, kuma dole a samu wanda zai raka mutum gida.

Wasu kuma tsoronsu kada allura ta sa su tona asirin kansu. A gwajin sama dai, mai roba a haƙora da bututu a baki, ko yana da niyyar surutu ba shi da hanya.

A ganina babu jarumtaka a ƙin allura, babu ragonci a karɓarta. Wanda ko goge harshe yake yi sai ya yi yunƙurin amai, ko wanda ya taɓa shan wuya a irin wannan gwaji, allura ta fi masa. Wanda babban tsoronsa shi ne a yi masa abu bai sani ba, sau da yawa ya fi natsuwa da feshi, idonsa biyu. Tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce: wanne na fi tsoro, in ji, ko in rasa sanin abin da ke faruwa?

## Tsoron da ba a cika furtawa ba

Da yawa cikin masu cewa bututu suke tsoro, in ka zauna da su da kyau, sakamako suke tsoro. Bututun ya fi sauƙin faɗa ne kawai. Wannan tsoron ne ke tayar da mutum ƙarfe uku na dare, shi ne kuma ya fi sa a ɗage rana, don zuciya tana raya wa mutum cewa muddin ba a duba ba, babu komai.

Abin da gwajin sama ya fi nunawa shi ne ko dai lafiya lau, ko kumburin fatar tumbi, ko gyambon ciki, ko illar ruwan tsamin da ke hawowa hanyar abinci, ko saman tumbi ya ɗan turo sama zuwa ƙirji. Ciwon daji ƙaramin kaso ne cikin waɗanda ake dubawa. Sau da yawa likita yana tura mutum ne don ya kawar da zargin abu mai tsanani, ya samu damar yin magani hankali kwance.

Sai batun ɗaukar samfuri, wanda ke kaɗa hanjin mutane fiye da komai. Da an ce "mun ɗebi ɗan nama za a kai ɗakin gwaji", shi ke nan, mutum ya yanke wa kansa hukunci. Alhali wannan aikin yau da kullum ne. Guntun bai fi kan ashana ba, kuma ba a jin zafin cire shi, don fatar cikin tumbi ba ta jin yanka yadda fatar waje ke ji. Ana ɗauka ko da wurin ya yi kyau a ido, sau da yawa don neman wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori. Likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwa mai ɗauke da ƙwayar, ya kamu da rashin lafiya, aka leƙa tumbinsa da endoskofi aka ga kumburin. Sun samu kyautar Nobel a 2005. Albarkacin wannan aiki, ciwon da mutane ke fama da shi shekara da shekaru yanzu ana iya kawar da tushensa da magungunan mako ɗaya zuwa biyu, amma sai an san ƙwayar tana nan.

Ba zan ce kowa labari mai daɗi zai ji ba. Akwai wanda likita ke da dalilin damuwa a kansa, kuma rarrashin ƙarya ba ya yi masa amfani. Abin da ke gaskiya a kansa shi ne, duk abin da ke cikin nan yana nan tun kafin a kunna kyamara, jinkiri kuwa lokaci kawai yake ba shi. A Koriya ta Kudu, inda ciwon dajin tumbi ya yi yawa, gwamnati tana gayyatar masu shekara 40 zuwa sama su yi gwaji duk bayan shekara biyu, ko da lafiyarsu ƙalau, saboda wanda aka kama da wuri wani lokaci ta cikin bututun nan ake cire shi ba tare da an buɗe ciki ba.

Abin da ke rage wannan zullumi shi ne tambaya kai tsaye. "Likita, me kake nema? Me ka fi zato? Yaushe zan ji sakamako, kuma wa zai gaya mini?" Abin da ido ya gani akan faɗa a ranar, na samfuri kuwa yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kuma daɗewarsa ba ta nuna kyau ko muni. Wanda aka yi wa allura ya nemi a rubuta masa bayani, ko ɗan rakiyarsa ya saurara tare da shi, don zai iya mance duk abin da aka faɗa kafin ya kai ƙofa.

## A nemi bayani da yawa ko kaɗan?

Masaniyar halayyar ɗan Adam Suzanne Miller ta bayyana a shekarun 1980 cewa mutane kashi biyu ne a gaban abin tsoro. Akwai masu son su san komai dalla-dalla, akwai masu son a gaya musu abin da ya zama dole sannan su kau da kai. Kowanne ya fi samun sauƙi idan aka bi da shi ta hanyarsa. Ka san ko kai wane ne, ka gaya wa ma'aikatan. Wanda ke rakiya shi ma ya kiyaye, kada ya ɗura wa mai son shiru bayani.

Ko ga mai son sani, intanet da tsakar dare mugun malami ne. Wanda aka yi wa gwaji lami lafiya ya koma harkokinsa, bai rubuta komai ba. Wanda ya sha wuya shi ke da dogon labari.

## Kwanakin jira

Ba a fafe gora ranar tafiya. Numfashin da zai taimake ka a kan gado sai ka koye shi tun a gida. Kwanta a gefen hagu, ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, sake ta a hankali kana ƙirga shida, kafaɗu a sake. Fitar da iska a tsawaice yana rage gudun zuciya ta hanyar wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa ƙirji zuwa ciki. Minti biyar safe da yamma ya isa. A ranar gwaji, wannan ƙirgar ita ce aikinka, sauran na likita ne.

Don gwajin sama akan daina cin abinci awa 6 kafin lokaci, asibitoci da yawa suna barin a kurɓi ruwa har zuwa awa 2 kafin a fara, amma takardar da aka ba ka ita ce abin bi. Tumbin da babu komai ya fi ganuwa, kuma ya fi aminci idan amai ya taso. Masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin, masu ciwon suga, da masu shan maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole su tambaya tun da sauran kwanaki, kada kowa ya tsayar da magani da ra'ayin kansa. Mai juna biyu ko mai zaton tana da shi ta faɗa. Kada a sha maganin barci ko wani abin sa maye don a samu natsuwa ba tare da sanin likita ba, domin yana haɗuwa da allurar ya ninka ƙarfinta.

In akwai zaɓi, karɓi layin safe, yunwa da jira su gajarta. In barci ya ƙi zuwa a daren, ya ƙi, rashinsa ba ya ɓata gwajin. Da ka isa kuma ka faɗa da bakinka cewa kana jin tsoro. Ma'aikatan sukan canza yadda suke tafiyar da mutum idan sun sani.

## Gwajin ƙasa, da batun kunya

A kolonoskofi, wanda kan ɗauki wajen minti 30 zuwa 45, kunya ce ke gaba da tsoro. Ana lulluɓe mutum, wurin aiki kaɗai ake buɗewa, kuma ana iya roƙon ma'aikaci jinsi ɗaya idan akwai. Yawancin waɗanda suka yi sukan ce maganin wanke hanji na jajibirin ranar ya fi gwajin kansa wahala, amma in ba a sha shi yadda aka ce ba, hanji ba zai ganu ba, a sake sabon lale. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Wanda aka taɓa ci wa zarafi a jiki, har taɓawa ke tayar masa da hankali, yana iya cewa "akwai abin da ya taɓa faruwa da ni, a bi da ni a hankali", ba sai ya ba da labari ba.

## Haɗarin gaske, da lokacin da tsoro ya fi ƙarfin mutum

Abin da aka fi samu bayan gwajin sama shi ne kaushin maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu da kumburin ciki na 'yan awoyi. Hujewar hanyar abinci ko tumbi, ko zubar jini mai yawa, suna faruwa amma da wuya ƙwarai, ƙasa da mutum 1 cikin 1,000 a gwajin bincike zalla. Wanda ya ji matsanancin ciwon ƙirji ko ciki bayan ya koma gida, ko zazzaɓi, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, ko numfashi ya yi masa wuya, ya koma asibiti nan take.

Akwai kuma wanda fargabarsa ta wuce ta kowa: firgici mai sa gumi da karkarwa, kwanaki babu barci, ko ya riga ya guje wa ranar gwaji sau biyu. Irin wannan ya koma wurin likitan da ya tura shi ya faɗi gaskiya, don akwai hanyoyi. Ana iya shirya masa barci mai zurfi, ko siririn bututun hanci wanda bai cika taɓa ƙarshen harshe ba, ko a haɗa shi da masanin halayya kafin ranar. Wasu sukan tambayi 'yar kyamarar nan da ake haɗiyewa kamar ƙwayar magani, wadda aka fara amfani da ita a 2001. Ta fi amfani wajen duba ƙaramin hanji, kuma ba ta iya ɗebo samfuri, saboda haka idan ta hango wani abu a tumbi, bututun dai za a koma wa.